Yadda na samo wa Malam izinin buga zanen Caravaggio na haihuwar Annabi Isa

Jama'a, tun da littafin Malam ya fito mutane ke ta kirana suna tambayar yadda aka yi muka samu hoton nan na shafin tsakiya da takardar izininsa, har da wani ɗan uwa daga Jos da ke son buga kalandar Kirsimeti ta cocinsu, to na ga gara in rubuta komai wuri guda kowa ya karanta don gaskiya na gaji da aika saƙon murya. Ni ba ɗalibin zane ba ne, harkar noma nake karanta a nan Palermo, babban birnin tsibirin Sisili a kudancin Italiya, aike ne kawai ya faɗo kaina saboda ni ne na kusa. Malam shi ya koyar da mu zane a sakandare, yanzu yana wata kwalejin ilimi, kuma ya daɗe yana rubuta ɗan littafi da Hausa kan tarihin zanen Turawa don ɗalibansa. Da ya zo babin zamanin da ake kira Barok, wato farkon shekarun 1600 lokacin da masu zane a Italiya suka koma wasa da haske da duhu suna zana waliyyai kamar mutanen kan titi, sai ya zaɓi zane ɗaya da zai zama misali, na haihuwar Annabi Isa wanda Caravaggio, wani shahararren mai zane ɗan Italiya, ya yi. Ya turo min hoton ta WhatsApp, a ƙasa an rubuta Palermo, ya ce kai ɗana ai a garinku yake, masu buga littafin sun ce ba za su sa ba sai da takardar izini da kuma hoto mai kyau wanda ba zai farfashe a takarda ba, ka je ka karɓo min. Na ce an gama ranka ya daɗe.

Wurin da zanen yake sunansa Oratorio di San Lorenzo, ɗan ƙaramin ɗakin ibada ne a wani lungu a tsohon gari, jikin babbar cocin San Francesco d'Assisi, idan ba ka lura ba sai ka wuce ƙofar. Kuɗin shiga bai kai yuro 5 ba. Kana shiga abin da zai fara ɗauke maka ido ba zanen ba ne, bangon ne, gaba ɗaya farin sassaƙe ne na filasta wanda Giacomo Serpotta ya yi wajen ƙarshen shekarun 1600 zuwa farkon 1700, yara ƙanana masu ƙiba suna ta wasa a jikin bango, wannan na jan mayafin wancan. Can gaba a saman bagadi kuma ga zanen Malam nan ɓaro-ɓaro, Nana Maryamu zaune a ƙasa tana kallon jariri kwance kan ciyawa, Waliyyi Lawrence a hagu da rigarsa ruwan zinare, Waliyyi Francis a dama, mala'ika na saukowa daga sama riƙe da ƙyalle mai rubutun Latin. Na ɗauki hoto na tura wa Malam, sannan na koma wajen matar da ke sayar da tikiti na ce da ita da guntun Italiyancina ina ne ofishin da ake neman izinin buga wannan zane. Sai ta yi murmushi irin na wadda ta saba jin tambayar, ta ce wane zanen, na asali ko wannan? Ta ce na asalin ai rabonsa da wurin tun daren 17 wayewar 18 ga Oktoban 1969, ɓarayi suka shigo suka yanke shi daga firam ɗinsa suka naɗe suka tafi, har yau ba a gan shi ba.

Na tsaya nan wajen teburinta ta ba ni labarin, sauran kuma na karanta daga baya. Zanen babba ne fa, tsawonsa santimita 268, faɗinsa 197, amma a wancan lokacin babu ƙararrawa babu wani tsaron kirki a ɗakin. Tun daga nan ake ta danganta satar da 'yan Mafiya, kuma tubabbunsu da suka ba da shaida kowa da nasa labarin. Francesco Marino Mannoia ya faɗa a kotu a 1996 cewa da hannunsa a satar kuma zanen ya lalace wajen naɗewa, Gaspare Spatuzza ya ce an ɓoye shi a wani garke ɓeraye da aladu suka cinye shi aka ƙone sauran, shi kuma Gaetano Grado ya gaya wa kwamitin majalisa mai binciken Mafiya cewa zanen ya faɗa hannun ubangidansu Gaetano Badalamenti, daga nan aka sayar wa wani dillali a Suwizalan, wannan shi ne abin da rahoton kwamitin na 2018 ya kawo. Hukumar FBI ta Amurka ta sa shi cikin manyan satar kayan fasaha goma na duniya, ta yi masa kuɗi kusan dala miliyan 20. Wanda ke rataye yanzu kwafi ne da kamfanin Factum Arte na birnin Madrid ya haɗa bisa buƙatar gidan talabijin na Sky, sun yi amfani da wani hoto mai launi da Enzo Brai ya ɗauka a 1968 da kuma tsofaffin hotuna baƙi da fari na lokacin da aka gyara zanen a 1951, aka ɗora shi a Disambar 2015, shugaban ƙasa Sergio Mattarella ma ya halarta, shi ma ɗan Palermo ne. Wallahi aikin ya yi kyau, in ba a gaya maka ba ba za ka gane ba daga inda ake tsayawa.

To nan fa ruɗanin ya fara, kuma wannan shi ne babban abin da nake so mai neman irin wannan izini ya fahimta tun kafin ya sayi tikitin ko'ina. Izinin wa za ka nema kan zanen da babu shi? Ɗakin ibadar ba gidan tarihi na gwamnati ba ne, wata ƙungiya ce mai suna Amici dei Musei Siciliani ke buɗe shi tana kula da masu ziyara, kuma a Italiya kayan da ke wuraren ibada galibi ta ofishin kayan tarihi na dayosis, wato yankin da bishop ke kula da cocinsa, ake bi. Kwafin da ke bango kuma yana da waɗanda suka yi shi. Hoton asalin da ke yawo a intanet shi ma yana da wanda ya ɗauka. Wata 'yar ajinmu 'yar garin, wadda yayarta ke aiki a wani gidan buga littattafai, ta zaunar da ni a kantin kofi ta zana min abin a bayan risit, ta ce hanya a buɗe take amma ƙofa uku za ka ƙwanƙwasa, kuma a ƙarshe abin da za ka samu ko dai hoton kwafi ne ko tsohon hoto na 1968, shin malaminka ya san da haka? Ita ce kuma ta ce me zai hana ku ɗauki na Messina, ai Caravaggio ya yi wani zanen haihuwar a can a 1609, na asali ne, yana nan a gidan tarihi na gwamnatin yanki, ƙofa ɗaya ce tak.

Da daddare na kira Malam. Da farko bai so ba, ya ce shi ya riga ya rubuta shafi huɗu kan na Palermo, na ce ranka ya daɗe ko waɗannan shafukan ma sai an taɓa, don kun rubuta 1609 a matsayin shekarar da aka yi shi, haka tsofaffin littattafai suka ce, amma masana da yawa yanzu sun karkata ga cewa a Roma ya yi shi a 1600, saboda an gano wata takardar kwangila ta 5 ga Afrilun 1600 tsakaninsa da wani ɗan kasuwa Fabio Nuti wadda girman zanen da ta ambata ya zo kusan daidai da wannan. Ya yi shiru, sai ya ce to je ka gano min na Messina da idonka ka ba ni labari, in ya yi maka sai mu canza, labarin satar kuma zan bar shi a rubuce ba hoto.

Daga babbar tashar Palermo jirgin ƙasa yana ɗaukar wajen awa 3 zuwa Messina, yana bin bakin teku ta Cefalù da Milazzo, tikitin jirgin yanki bai kai yuro 20 ba zuwa kawai. In ka sayi na takarda a tasha ka tabbata ka buga shi a ɗan injin da ke bakin dandamali kafin ka hau, in ba haka ba tara ce. Daga tashar Messina akwai tiram da bas masu bin gaɓar teku zuwa arewa har kusa da gidan tarihin, a kan titin Viale della Libertà, kana tafiya kana hango yankin Calabria na Italiya a ƙetaren ruwa kamar ka miƙa hannu. Kada ka je ranar Litinin, yawancin gidajen tarihi a ƙasar nan a rufe suke ranar. Kuɗin shiga bai wuce yuro 10 ba. Tun daga farfajiya za ka ga gutsattsarin ginshiƙai da ƙofofin coci zube, ragowar girgizar ƙasar 28 ga Disambar 1908 ce da ta rushe garin kusan baki ɗaya, yawancin kayan da ke cikin gidan daga ƙarƙashin ɓaraguzan gine-ginen garin aka tattaro su.

Zanuka biyu na Caravaggio ke ɗakin, na tayar da Li'azaru daga matattu da kuma wanda na zo dominsa, na makiyaya da suka zo gaida jariri. Gani ya kori ji. Tsawonsa ya fi mita 3, amma kusan rabin sama ba komai sai duhu da katakon rufin garke. Babu mala'ika ko ɗaya, babu gajimare, babu zinariya. Nana Maryamu ba a zaune take ba ma, a kishingiɗe take a ƙasa kan ciyawa cikin jar riga, ta jingina gwiwar hannunta da komin dabbobi, ta rungume jaririn a ƙirji shi kuma ya miƙa ɗan hannunsa yana taɓa fuskarta, idonta a ƙasa, duk wanda ya taɓa shiga ɗakin mai jego kwana ɗaya da haihuwa zai gane wannan gajiyar. Yusufu da makiyaya uku sun rusuna daga dama, ɗaya kafaɗarsa a waje rigar ta zame, wani tsoho mai sanƙo ya haɗa hannu, a baya cikin duhu da kyar za ka hango jaki da sa. Abin da ya fi tsayar da ni yana can ƙasa ta hagu, kwando ne da ɗan burodi da farin ƙyalle da kayan kafinta, wato duk abin da suka mallaka ke nan. Da'irar hasken da ake sa wa waliyyai a ka ma siririn zare ne kawai, sai ka matsa za ka gani. Limaman Kafucin aka yi wa shi, masu bin tafarkin talauci na Waliyyi Francis, don cocinsu ta Santa Maria degli Angeli, kuma wanda ya zana shi a lokacin ɗan gudun hijira ne, ya kashe wani mai suna Ranuccio Tomassoni a Roma a 1606, ya gudu Napoli, ya wuce Malta, can ma aka kulle shi ya tsere a 1608 ya faɗo Sisili, a 1610 ya mutu a Porto Ercole bai cika shekara 39 ba.

Bari in ɗan ratse a nan, don na san wani zai tambaya. Ni Musulmi ne, Malam ma haka, kuma mu ba ma zana annabawa, labarin haihuwar ma a wajenmu daban yake, a Suratu Maryam a gindin dabino ne. Wannan zanen yana bin abin da ke cikin Linjilar Luka sura ta 2 ne, inda aka ce ta kwantar da shi a komin dabbobi don ba su samu masauki ba. Ajin Malam akwai Musulmi akwai Kirista, kuma abin da yake koyarwa shi ne yadda mai zane ke sarrafa haske, don haka a ƙarƙashin hoton ya rubuta ƙarara cewa wannan yadda wani mai zane ɗan Italiya ya suranta labarin ne bisa ruwayar Kiristoci. Wanda ransa bai kwanta da shiga irin wannan aiki ba ya san da hakan tun farko. Ni dai a ganina na Messina ya fi na Palermo dacewa da darasin ma, don ya fi shi tsauri, kuma haka na gaya wa Malam tun ina tsaye a gaban zanen.

Ma'aikacin da ke gadin ɗakin ya ce ba laifi in ɗauka da waya muddin ba filasha ba kuma ba abin kafa kyamara mai ƙafa uku. Wannan ba alfarma ba ce, doka ce, tun gyaran da aka yi a 2014 kowa na iya ɗaukar hoton kayan tarihin gwamnati don kansa ko don karatu in dai ba neman riba ba. Amma littafin da za a sa wa farashi wani abu ne daban. Mutane da yawa suna cewa ai mutumin ya mutu tun 1610, wane haƙƙin mallaka kuma? Gaskiya ne babu haƙƙin mai zane, sai dai Italiya tana da wata dokar daban ta kayan tarihi ta 2004, sashe na 107 da na 108, wadda ta ba hukumar da ke riƙe da abu ikon ba da izinin buga hotonsa da yanka kuɗi. A kanta ne wata kotu a Venice ta hana kamfanin Ravensburger na Jamus sayar da wasan haɗa hoto mai ɗauke da wani zanen Leonardo da Vinci a 2022, ko da yake wata kotu a Stuttgart ta ce a 2024 dokar ba ta da iko a wajen Italiya. Mu dai ba shari'a muke nema ba, masu buga littafin sun ce sai da takarda, kuma ko ba don takardar ba fayil mai kyau a hannun gidan tarihin yake. Wani abu kuma da zai rage maka ɓata lokaci, kada ka rubuta wa ma'aikatar al'adu ta Roma kan abin da ke Messina, Sisili yanki ne mai cin gashin kansa kuma gidajen tarihinsa a ƙarƙashin gwamnatin yankin suke, wasiƙarka darakta gidan tarihin kai tsaye za ta je.

A bakin teburin shiga aka nuna min adireshin da ake aika buƙata, aka ce komai a rubuce ne, babu wani fom da za ka cike a tsaye a ba ka amsa a ranar. Na dawo Palermo na fara haɗa takardu. Na farko wasiƙar neman izini da Italiyanci, 'yar ajinmu ta gyara min ita, kuma ta ce kada in cika ta da gaisuwa da bayanin yadda muke ƙaunar Italiya, a tafi kai tsaye, sunan zane da mai zane, sunan littafi da marubuci da gidan bugawa, harshen da aka rubuta shi, kwafi nawa za a buga, nawa za a sayar da ɗaya, a wace ƙasa, hoton a ciki zai zauna ko a bango, cikakken shafi ko rabi, mai launi ko baƙi da fari, kuma za a sa littafin a intanet ko takarda ce kawai. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana iya canza kuɗin, musamman bango da intanet. Mu kwafi 1000 ne, da Hausa, a Najeriya, shafin ciki, kuma mun juya farashin daga naira zuwa yuro muka rubuta don su ga littafin ɗalibai ne ba kasuwanci mai tsoka ba. Na biyu takardar wakilci daga Malam da sa hannunsa cewa ni ke nema a madadinsa, haɗe da kwafin fasfonsa. Na uku wasiƙar gidan bugawa a kan takardarsu mai tambari. Na huɗu nawa kwafin fasfo da katin zama da lambar haraji wadda suke kira codice fiscale, duk wanda ke zaune a Italiya yana da ita. Na kuma sayi kan sarki na yuro 16 a shagon masu sayar da taba, marca da bollo za ka ce a ba ka, shi ake mannawa a yawancin takardun neman abu daga hukuma a nan, amma ka tambaya tukuna ko ana buƙatarsa a naka lamarin kafin ka manna.

Sai maganar aikawa. A Italiya akwai wani nau'in imel na musamman, PEC, wanda doka ta ɗauke shi daidai da wasiƙar rajista, kana aikawa za a dawo maka da risit biyu, na karɓa da na isarwa, kuma ofisoshin gwamnati da shi suke aiki. Buɗe shi wajen yuro 10 ne a shekara, da fasfo da lambar haraji. Akwatunan PEC da yawa ba sa karɓar saƙo daga imel ɗin da muka saba, to wanda ke Najeriya ko Nijar ya nemi ɗan uwa a nan ya aika masa, ko ya yi amfani da imel na gama-gari na gidan tarihin. Ni na haɗa komai a fayil ɗin PDF guda na tura a ƙarshen Yuli, wanda shi ne lokaci mafi muni da mutum zai nemi wani abu a ƙasar nan, don watan Agusta kowa hutu yake, musamman kewayen 15 ga wata da suke bikin Ferragosto, hatta mai gyaran kekena ya rufe shago ya tafi bakin teku. Malam kuma kullum sai ya turo saƙo, ɗana ina labari, masu bugawa sun dame ni, ni kuma ba abin da zan ce sai a ƙara haƙuri ranka ya daɗe. Zaman jiran nan ya ci min rai ba kaɗan ba, saboda ni na sa shi canza zane ya sake rubuta babi guda, in aka hana mu da wane ido zan kalle shi.

A Satumba amsa ta zo, gajeriya, an amince, ga sharuɗɗa ga yadda za a biya. Ban sa adadin a nan ba da gangan, don kar wani ya riƙe shi a matsayin farashi, naka zai danganta da amsoshin da ka bayar a wasiƙarka, kuma dokar ta ce abin da aka yi don karatu ba don riba ba ba a yanka masa kuɗin izini sai dai kuɗin hidimar fitar da hoton. Namu dai bai kai abin da muka ji tsoro ba. Wahalar ta ɓangaren gida ta zo, Malam ya yi ta zarya a wani banki yana neman tura yuro, yau a ce a kawo wannan takarda gobe a ce babu hanyar sadarwa, ƙarshe na ce ya bari, na biya daga asusuna na nan shi kuma ya ba mahaifiyata nairar a gida. In za ka biya ka kwafi bayanin dalilin biyan daidai yadda suka rubuta maka, harafi da harafi, da lambar wasiƙarsu, don da shi ake gane kuɗin wane ne. Na tura risit, ba a daɗe ba aka turo takardar izini da mahaɗar sauke hoton, fayil ne na TIFF mai nauyin gaske wanda wayata ta ƙi buɗewa sai a kwamfuta. Sharuɗɗan su ne bugu ɗaya ne kawai aka ba izini, dole a rubuta sunan gidan tarihin da gwamnatin yankin a jikin hoton daidai yadda suka tsara, a ƙara da cewa an hana sake kwafa, kada a yanke hoton ko a yi rubutu a kansa, sannan a aika musu littafin in ya fito.

Na ɗauka an gama, ashe akwai sauran mataki ɗaya da babu wanda ya taɓa faɗa mana, shi ne wajen injin bugawa. Malam ya tura wa ma'aikacin fayil ɗin, shi kuma don sauƙi ya sake tura wa abokin aikinsa ta WhatsApp, wanda ke matse hoto ya rage masa inganci, suka buga gwaji a takarda mara sheƙi wadda ke shan tawada. Da Malam ya ɗauko min hoton gwajin, kai, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, jar rigar ce kawai ake gani da sanƙon tsohon, jaki da sa da kwandon burodin duk sun nutse. Zanen Caravaggio dama rabinsa duhu ne, amma duhu ne mai hawa-hawa, ruwan ƙasa cikin ruwan ƙasa, in tawada ta yi yawa sai ya zama bango ɗaya. Yayar 'yar ajinmu ta ce a kai fayil ɗin asali a filas, a juya launinsa zuwa tsarin CMYK na masu bugawa, a bar shi a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, a girman shafin, a buga wannan shafin kaɗai a takarda mai sheƙi, kuma kada a saki injin sai Malam ya ga gwaji da idonsa ya sa hannu. Hakan ya ƙara kuɗi kaɗan kan kowane kwafi, amma a gwaji na gaba har ciyawar da ke ƙasa ana ƙirgawa.

To ga wanda zai bi wannan hanya, kafin komai ka bincika ko zanen da ka gani a intanet yana nan a inda aka rubuta, kuma wa ke riƙe da shi, gwamnatin ƙasa ko ta yanki ko coci ko wani mutum, don amsar ita ke nuna ƙofar da za ka nufa. Ka san adadin kwafi da farashi kafin ka rubuta wasiƙa, ba bayan sun tambaya ba. Ka fara tun da wuri ka kauce wa Agusta da kuma ƙarshen Disamba zuwa 6 ga Janairu, ɗan uwana na Jos mai kalanda, in ta Kirsimetin bana kake so to tun damina ya kamata a ce wasiƙarka ta tafi, kuma ka faɗa musu gaskiya ko rabawa za ku yi kyauta ko sayarwa, don kalandar da ake sayarwa ba a lissafa ta da littafin karatu. Ba dole ne ka je Messina da ƙafarka ba, duk abin da na yi bayan ziyarar ta imel ne, amma in kana kusa ka je, don sai da na ga na asalin na iya gaya wa Malam cewa gwajin farko ba haka launin yake ba. Ka ajiye takardar izinin da risit ɗin biya, in littafin ya ƙare za a sake bugu na biyu sabuwar buƙata za a aika. Kwafin da aka yi alkawarin ba su kuma kada ka bari ya bi gidan waya daga Najeriya, namu wani ɗalibi da ke dawowa daga hutu ya taho da shi a jakarsa, na sa a ambulan na aika Messina da rajista daga nan Palermo, kuɗin bai kai yuro 10 ba.